Kama Da Wane Ba Ta Wane

A ƙarshen daminar wata shekara, lokacin ba a daɗe da fitar da Jihar Kebbi daga cikin tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991 ba, aka tura wani ɗalibi mai koyon aikin malanta zuwa wata makarantar firamare da ke gindin duwatsun ƙasar Zuru, domin ya yi koyarwar gwaji ta zango guda. Saurayi ne ɗan shekara 22, haifaffen arewacin Sakkwato, inda gero ne sarkin gona, ciyawa kuma ba ta cika wuce gwiwar mutum ba kafin rani ya cinye ta. Da mota ta sauke shi a Zuru sai ya tarar da wata ƙasa dabam da wadda ya sani. Tuddai da duwatsu ta ko'ina, dawa ta yi tsawo har ta rufe hanya, gamba ta shanye kan mutum, ga ƙoramu suna gangarowa daga tsaunuka, kowace da ɗan kurminta na itatuwa masu duhuwa a gefe. Duk wannan bai ɗauke masa hankali ba. Abin da ke ransa shi ne malamin da kwaleji za ta turo ya duba koyarwarsa, da kuma makin da zai samu.

Hedimasta ya ba shi aji biyar, ya ce ya koyar da Hausa, ya kuma haɗa masa da darasin kimiyya saboda ƙarancin malamai. Mafi yawan yaran ajin 'ya'yan mutanen nan ne da Hausawa ke kira Dakarkari, alhali su Lelna suke kiran kansu, harshensu kuwa C'lela. Da shi suke magana a gida da gona, Hausa kuma sun tsince ta ne a kasuwa da makaranta, wasu ta zauna a bakinsu sosai, wasu kuwa da sauran gyara. A can layin baya akwai wani yaro siriri mai ƙarancin magana, wanda kusan kullum sai an shiga aji yake isowa, domin sai ya kai awakin gidansu bakin ƙorama ya ɗaure kafin ya kamo hanyar makaranta. Tun makon farko malamin ya sa shi a layin yaran da ba su damu da karatu ba.

Ranar wata Talata da safe, malamin yana tsaka da rubuta misalan gaɓar kalma a allo, sai yaron nan ya shigo, hannunsa na dama a buɗe, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ya tsaya a gaban tebur ya ce, "Malam, na kawo maka ƙwaro."

Malamin ya duba tafin hannun yaron, bai ga komai ba sai wani busasshen tsinken ciyawa mai launin ƙasa-ƙasa, tsawonsa bai kai taƙi guda ba. Aji ya fashe da dariya. A makon ne ake sa ran zuwan mai duba koyarwa, don haka zuciyar malamin a kusa take. Ya daka wa yaron tsawa ya ce, "Kai yaro, ka makara, sannan kuma ni za ka mayar abokin wasanka? Wuce can ka durƙusa." Ya karɓi tsinken ya jefa a kan littafin tsara darasinsa, ya juya ya ci gaba da rubutu. Bai kai ga ƙarshen layi na uku ba sai wata yarinya a layin gaba ta ƙwala ihu ta haye benci. Da ya waiwaya sai ya ga tsinken ya miƙe a kan waɗansu ƙafafu sirara kamar zare, yana taka littafin a hankali, yana rangaji gaba da baya tamkar ciyawar da iska ke kaɗawa. Wasu yaran suka yi waje da gudu suna cewa aljani ne.

A nan ne malamin ya yi kuskurensa na biyu, wanda ya fi na farko muni, domin na farko ido ne ya yaudare shi, na biyu kuwa girman kai ne ya ja shi. Maimakon ya ce bai san wannan halitta ba, sai ya gyara murya ya ce, "Ku zauna, ai ƙoƙi-ƙoƙi ne, ba wani abu ba." Daga inda yake durƙushe yaron ya ɗago kai ya ce, "Malam, ba shi ba ne. Ƙoƙi-ƙoƙi fara yake ci. Wannan ganye yake ci." Sannan ya faɗi wata kalma da C'lela, yara biyu ko uku suka gyaɗa kai alamar sun san ta. Malamin ya ce, "A nan Hausa muke yi," ya sa aka samo kwalba aka jefa ƙwaron a ciki, darasi ya ci gaba. Kalmar da yaron ya faɗa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Da dare, a ɗakin da aka sauke shi a bayan makaranta, ya ajiye kwalbar kusa da fitilar ƙwai yana gyaran littattafan yara. Ƙwaron da ya wuni a sandare sai ga shi yana yawo a jikin kwalba yana laluben hanyar fita. Malamin ya ajiye jan biro ya zuba masa ido. Ya san ƙoƙi-ƙoƙi tun yana yaro, ya sha kama shi a zangarniyar gero. Ya san yadda yake naɗe hannuwansa biyu a ƙirji, da yadda yake juya kai ya bi mutum da kallo. Wannan kuwa ba ya ko ɗaya daga ciki. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Daren nan malamin bai yi barcin kirki ba.

Washegari ya yi abin da ya kamata a ce tun jiya ya yi. Ya sa yara su kamo masa ƙoƙi-ƙoƙi na ainihi, da duk wani ƙwaro da suka ga ya yi kama da kara ko tsinke. Kafin ranar Juma'a teburinsa ya cika da kwalabe da gwangwanaye, aji kuma ya koma wurin awo da ƙirga. Suka fara da ƙafafu. Na kwalbar farko ƙafa shida gare shi, jikinsa kuma kashi uku ne, wato kai da ƙirji da ciki, don haka ƙwaro ne cikakke, ya fita daga dangin gizo-gizo da kunama masu ƙafa takwas. Suka auna shi da rula, jikinsa kaɗai ya kai santimita 9, kaurinsa kuwa bai fi na tsinken tsintsiya ba. Ba shi da fiffike ko kaɗan. 'Yan ƙahonnin nan biyu masu kama da zare da ƙwari ke lalube da su gajeru ne a goshinsa.

Da aka jera shi kusa da ƙoƙi-ƙoƙi sai bambancin ya fito fili, har yaran da suka gudu ranar Talata suna rige-rigen nunawa. Kan ƙoƙi-ƙoƙi mai kusurwa uku ne, da manyan idanu a gefe biyu, kuma yana juya shi yadda ya so. Kan wancan ƙarami ne, dogo kaɗan, idanunsa ƙanana, kuma a miƙe yake da jiki kamar gaɓar kara. Hannuwan ƙoƙi-ƙoƙi na gaba masu kauri ne, jere da ƙayoyi kamar bakin zarto, suna naɗewa su buɗe kamar aska, domin da su yake cafke abin da zai ci. Ƙafafun wancan kuwa duka shidan kusan iri ɗaya ne, na tafiya ne kawai da maƙalewa. Yaron mai awaki ne ya nuna wani abu da ba wanda ya lura da shi. A gindin ƙafafun gaba akwai 'yar lanƙwasa, wadda idan ƙwaron ya miƙar da ƙafafun nan gaba ya haɗe su, kansa yake shigewa cikinta daidai wa daida, sai ƙafa da kai da jiki su zama layi guda, ba a gane inda wani ya tsaya wani ya fara. Daga baya malamin ya ga wannan siffa a littattafan masana ƙwari, an lissafa ta cikin manyan alamomin da ake gane wannan dangi da su. Akwai kuma wata alama da ta fi wuyar gani. Ƙirjin kowane ƙwaro gaɓa uku ne, kowace gaɓa da ƙafa biyu. A jikin ƙoƙi-ƙoƙi gaɓar farko ce take da tsawo, ita ce ake gani kamar dogon wuya. A jikin wancan gaɓar farko gajeriya ce, ta biyu ce ta miƙe. 

Sauran kwalaben ma sun koyar da nasu darasin. Akwai doguwar farar nan ta cikin ciyawa mai kai kamar tsinin mashi, wadda idan ta lafe a jikin gamba sai an yi da gaske a gan ta. Ita cinyoyinta na baya ne suka tona mata asiri, domin dogaye ne masu ƙarfi, na tsalle, kuma da aka buɗe gwangwani ta nuna amfaninsu nan take. Wani yaro ya kawo wani siririn ƙwaro da ya kamo a kududdufi, mai dogon abu kamar allura a wutsiya. Wannan mazaunin ruwa ne, da abin wutsiyar yake shaƙar iska daga saman ruwa, bakinsa kuma na soki-tsotse ne, ba ya tauna. Wata yarinya ta zo da tsutsar nan da ke kafa ƙafafunta na baya a reshe ta sandare a karkace kamar ɗan tsiro. Har ma aka sami wani ƙoƙi-ƙoƙin da shi kansa ya yi shigar busasshen reshe, siriri, mai launin toka, wanda ya kusa mayar da muhawarar baya, sai da aka taɓa shi ya buɗe hannuwansa masu ƙaya. Halittu biyar ke nan, ba dangin iya ba na baba, kowace ta ɗauki kamannin tsinke saboda dalili ɗaya: tsuntsu da ƙadangare ba sa cin itace. Ƙoƙi-ƙoƙin kuwa yana da riba biyu, yana ɓuya daga mai cinsa, yana kuma ɓuya daga wanda zai ci.

Saura maganar abinci, wadda a kanta ne yaron ya ƙaryata malaminsa a gaban aji. Suka sami kwali suka yanke gefensa, suka rufe da guntun gidan sauro, suka sa ƙwaron a ciki tare da ƙudaje biyu da 'yar ƙaramar fara, da kuma ganyen da yaron ya ce a kansa ya same shi, an tsoma gindinsa a ruwa don kada ya bushe. Aka yi wa ƙoƙi-ƙoƙi irin wannan tanadi a wani kwalin. Da gari ya waye, a kwalin ƙoƙi-ƙoƙi ba a tarar da komai ba sai fikafikan fara, ganye kuwa ko taɓa shi bai yi ba. A ɗaya kwalin fara da ƙudaje suna nan da ransu, amma gefen ganyen ya sha gatsa. Malamin ya tsaya a gaban aji, ya kira yaron da sunansa, ya ce, "Ranar Talata ka faɗi gaskiya sau biyu, ni kuma na ƙaryata ka sau biyu, har na sa ka durƙusa. Ka yafe mini." Yaron ya sunkuyar da kai bai ce komai ba, ajin ma ya yi tsit, domin ba su saba jin irin wannan magana daga bakin malami ba. Akwai masu ganin cewa irin wannan yana zubar da kwarjinin malami. Abin da aka gani a wannan aji dai shi ne, daga ranar yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka fara ɗagawa.

Ranar Asabar ya ɗauki kwalin ya nufi Kwalejin Aikin Gona ta Zuru, wadda a 2020 ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya. Wani malami mai koyar da ilimin ƙwarin amfanin gona ya karɓe shi, ya duba kwalin sau ɗaya ya yi murmushi. Ya ce masa wannan ɗan wani babban dangi ne da masana ke kira Fasmida, sunan kuma daga wata kalmar Girkanci aka samo shi, mai ma'anar fatalwa, wato abin da ake gani kamar akwai kamar babu. Ashe yaran da suka ruga suna cewa aljani ba su yi nisa da tunanin waɗanda suka raɗa wa dangin suna ba. Ya ƙara masa da wani abin da ya sanyaya masa rai. Shi kansa Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin bai wa halittu suna biyu-biyu da Latinanci, a littafinsa na 1758 ya cusa waɗannan ƙwari ne a rukuni ɗaya da ƙoƙi-ƙoƙi da fara da gyare. Masanan da suka biyo baya ne suka raba su. Sai dai Linnaeus matattun ƙwari ne aka kai masa daga ƙasashe masu nisa, malamin aji biyar kuwa mai rai ne ya taka littafinsa, ga kuma wanda ya san shi a durƙushe a gabansa.

Da malamin ya nemi a faɗa masa ainihin sunan wannan nau'i, sai mutumin ya girgiza kai. Ya ce gane dangi abu ne da ɗan firamare zai iya da rula da ido, amma gane nau'i aikin ƙwararru ne. Nau'o'in da aka rubuta a wannan dangi sun haura 3,000, kuma da yawansu ba a rarrabe su sai an duba ƙarshen cikin namiji da na mace da madubin ƙara girma, an duba siffar ƙwai, sannan an gwada da samfurin da aka adana a gidajen tarihin halittu. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne mace kan fi namiji girma nesa ba kusa ba, wani lokaci shi yana da fiffike ita ba ta da shi, har ya sha faruwa masana su ba namiji suna dabam, mace suna dabam, sai bayan shekaru a gane miji da mata ne. Iyakar abin da za a iya cewa game da na cikin kwalin shi ne, siffarsa ta masu zama a ciyawa ce, sirara marasa fiffike masu gajerun ƙahonni, irin waɗanda suka bazu a filayen Afirka har zuwa Asiya.

Cibiyar wannan dangi kuwa tana can cikin manyan kurmi na ƙasashe masu zafi, inda ruwan sama ba ya daɗewa bai sauka ba: tsibirin Borniyo da maƙwabtansa, da Kudancin Amurka, da arewacin Ostireliya. A Nijeriya irin wannan daji sai an gangara kudu, kamar gandun dajin Kuros Riba ko na Okomu a Jihar Edo. Dalilin yawansu a can a bayyane yake. Ganye ba ya yankewa duk shekara, itatuwa iri-iri ne hawa-hawa, masu farautarsu kuma ba su ƙirguwa, don haka kowane nau'i ya ƙware a kwaikwayon abin da yake zaune a kai. Wani ya yi kama da ɗanyen reshe, wani da ruɓaɓɓen ɓawo, wani da ƙaya, wasu kuma sun baje sun zama ganye sak, har da jijiyoyinsa da tabon da tsutsa ke bari. Alfred Wallace, Baturen Ingila da ya yi shekara takwas, daga 1854 zuwa 1862, yana tattara halittu a tsibiran Malesiya da Indunusiya na yau, ya ba da labarin wani da aka kawo masa a Borniyo wanda jikinsa ya yi kamar gansakuka ta lulluɓe shi. Mutumin da ya kawo shi ya dage cewa gansakukar gaske ce ta tsiro a jikin ƙwaron, shi ma Wallace sai da ya yi duban tsanaki kafin ya tabbatar cewa fatar ƙwaron ce. Ke nan ɗan gari ma yana iya ruɗuwa. Abin da ke raba gardama shi ne a sake dubawa.

Da yake da dama daga cikinsu a ƙololuwar itatuwa suke zaune, kuma da dare suke motsi, har yau ana ta gano sababbi. A 2008 aka bayyana wani daga Borniyo da aka sa wa suna Phobaeticus chani, wanda jikinsa kaɗai ya kai santimita 35.7, idan kuma aka miƙe ƙafafunsa ya kai 56.7, yana nan ajiye a gidan tarihin halittu na Landan. Wani mutumin yankin ne ya same shi ya miƙa wa wani mai sha'awar halittu ɗan Malesiya mai suna Chan, sunan Chan ɗin ne kuma ya shiga littafi. A 2014 aka sami wanda ya fi shi a lardin Guangxi na ƙasar Sin, mai santimita 62.4, wato ya fi kamu guda. Labarin da ya fi ratsa zuciya shi ne na tsibirin Lord Howe da ke gabashin Ostireliya. A 1918 wani jirgin ruwa ya yi hatsari a gaɓarsa, ɓeraye suka fito daga ciki suka bazu, cikin 'yan shekaru suka cinye wani baƙin nau'i mai kauri da babu irinsa a ko'ina. Aka yi shekara kusan 80 ana lissafa shi cikin halittun da suka ƙare. Sai a 2001 wasu masana suka hau wani tsiririn dutse da ke tsakiyar teku, kimanin kilomita 23 daga tsibirin, suka bi dare da tocila, suka tarar da 'yan kaɗan a wajen wani ɗan kurmin itace. Daga 'yan ƙalilan da aka ɗauko a 2003 ne gidan namun daji na Melbon ya hayayyafa dubbai.

Malamin ya komo da kwalinsa, ƙwaron kuma ya ƙara mako biyu a aji. A cikin kwanakin nan yara suka ga abubuwa da dama da idonsu. Idan aka taɓa shi da ƙarfi sai ya saki jiki ya faɗo ya sandare kamar matacce, ya daɗe a haka. Wata rana wani yaro mai gaggawa ya riƙe shi ta ƙafa, sai ƙafar ta cire ta zauna a hannunsa, ƙwaron ya yi gaba da biyar. Wannan dabara ce ta kuɓuta, kamar yadda ƙadangare ke barin wutsiyarsa, kuma ƙaramin da bai gama girma ba yakan mayar da ƙafar idan ya yi saɓa, amma babba ya rasa ta ke nan. Yaron mai awaki ya nuna musu yadda ake ɗaukarsa, a shimfiɗa hannu a gabansa a bar shi ya hau da kansa. Malamin ya kuma hana su kai irin waɗannan ƙwari kusa da fuska, domin ko da yake ba su da dafi irin na kunama, akwai nau'o'i a Amurka da wasu wurare masu fesa wani ruwa mai yaji da ke cutar da ido. Ana nan sai wata safiya aka ga waɗansu 'yan abubuwa dogaye kamar irin ciyawa manne a jikin gidan sauron. Ƙwai ne, ashe mace ce. Ƙwan wannan dangi abin kallo ne shi ma, kusan kullum kama yake da irin tsiro, da ɗan murfi a kai wanda ɗan ke turewa ya fito. Wasu nau'o'in suna manna shi a ganye, wasu su binne, wasu su sake shi ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A wasu ma akwai ɗan ƙullutu mai maiƙo a kan murfin wanda tururuwa ke so, sai ta ja ƙwan zuwa raminta, ta cinye ƙullutun ta bar sauran a wurin da ba mai taɓa shi. Akwai kuma waɗanda macen ke yin ƙwai ya ƙyanƙyashe ba tare da namiji ba, kamar wani nau'in ƙasar Indiya da ake kiwo a ɗakunan gwaje-gwaje na Turai.

Da yake darasin Hausa ne asalin aikinsa, sai ya mayar da al'amarin aikin aji. Ya tuna musu yadda Bahaushe ke gina suna daga abin da idonsa ya gani, kamar malam-buɗe-littafi, wanda fikafikansa ke buɗewa suna rufewa kamar shafuka, ko a-ci-bal-bal, ko faɗi-ka-mutu. Ya ce kowa ya kawo sunan da ya dace da baƙon nasu. Aka sami kara-mai-tafiya, aka sami ɓoye-a-fili, wata yarinya ta ce ga-ni-ba-ni, aka yi ta dariya. Daga ƙarshe aka ɗaga hannu, ƙwaron tsinke ya yi rinjaye, aka rubuta shi a saman allo da manyan baƙaƙe. A ranar ce mai duba koyarwa ya iso, ya zauna a baya ya saurara, ya ba da maki mai kyau, ya kuma rubuta a takardarsa cewa an yi amfani da kayan koyarwa na muhalli. Darasi ne mai kyau, ba shakka. Amma akwai gibi a cikinsa wanda mai dubawa bai gani ba, shi ma malamin bai gani ba. An tara yara ana ƙirƙirar sabon suna ga abin da wasunsu suka zo da sunansa daga gida, kuma ba wanda ya ce su taso su rubuta nasu a allo kusa da na Hausa. Malamin ya nemi gafarar durƙuson da ya sa yaron, amma bai janye maganar nan ta "a nan Hausa muke yi" ba, yaron kuma bai sake furta kalmar ba.

Ranar da zango ya ƙare suka ɗauki kwalin su biyu suka gangara bakin ƙorama, inda awakin ke ɗaure. Yaron ya zura hannu ƙwaron ya hau, ya kai shi jikin gamba ya sauka da ƙafafunsa biyar. Suka yanke guntun gidan sauron mai ƙwai suka ɗaura a gindin ciyawar. Malamin ya ɗauke ido ya dubi agogonsa, da ya mayar bai ƙara ganin komai ba sai ciyawa. Yaron ya yi ta nuna masa da yatsa yana cewa, "Ga shi nan, Malam, ga shi nan," har dai malamin ya ce ya gani, alhali bai gani ba.

Ɗalibin nan ya gama kwaleji, ya wuce jami'a, ya karanci kimiyyar harshe, ya zama mai koyar da masu koyon malanta. A nan ne ya fahimci darajar abin da ya bari ya wuce shi, domin sunayen tsirrai da ƙwari suna cikin kalmomin da suka fi saurin ɓacewa daga harshe idan yara suka daina zuwa daji, ko suka koma magana da wani harshen. Bayan shekara fiye da 20 wani aiki ya mayar da shi Zuru, lokacin an kawar da amfanin gona ana shirin bikin Uhola. Ya nemi makarantar ya same ta, an yi mata sababbin azuzuwa. Bakin ƙoramar ya zama gonaki, sauran ciyawar da ta rage kuma an banka mata wuta kamar yadda ake yi kowace kaka, ƙasa ta yi baƙi ƙirin har gindin dutse. Ya tambayi labarin yaron, aka ce ya shiga soja tun da daɗewa, kamar samarin ƙasar da yawa, iyayensa kuma sun tashi.

Ya fito da hoton ƙwaron tsinke a wayarsa ya bi dattawa da shi a inuwar wata ɗorawa. Ya gaishe su ya ce, "Baba, don Allah yaya kuke kiran wannan da C'lela?" Na farko ya karɓi wayar ya nisantar da ita daga idonsa, ya faɗi wata kalma. Na kusa da shi ya ce a'a, wannan sunan ƙoƙi-ƙoƙi ne, ya faɗi wata. Na uku ya ce su duka biyu sun yi kuskure, ai hoton kara ne kawai aka ɗauka. Ya rubuta kalmomin biyu a littafinsa da alamar karin sauti, ya sa aka maimaita masa kowace sau uku, yana saurare ko ɗaya za ta yi masa kama da abin da ya ji ranar Talatar nan. Dattijon farko ya miƙo masa wayar ya ce, "Malam, ka dawo da damina ka kawo mana shi da ransa, mu ga tafiyarsa."